Tsuntsayen Ci-rani: Da Me Suke Gane Hanya? Tambayoyi da Amsoshi

Da damina ta fara ja da baya, wajen Satumba zuwa Oktoba, sai wasu ƙananan tsuntsaye baƙi su bayyana a lambunan Mirya, a bakin tafkin Gidimuni da kan gawon gonakin Matamaye. Da zafin bazara ya kankama kuma a neme su a rasa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ƴan makaranta, masu lambu da makiyayan Damagaram suka fi maimaitawa a kansu.

Waɗanne tsuntsaye ake nufi? Har da shamuwa?

Ban da ita. Shamuwa ƴar gida ce, duk yawonta cikin Afirka take yi: ta zo mana gabanin damina, ta yi sheƙa a itatuwan gari, ta ƙyanƙyashe, sannan ta gangara gabashi da kudancin nahiyar. Da rana take tafiya, cikin garke. Waɗanda ake magana a kansu a nan ƙanana ne, yawancinsu nauyinsu bai wuce giram 10 zuwa 25 ba. A Turai da Asiya ake ƙyanƙyashe su, wurinmu ci-rani kawai suke zuwa. Masana na ce musu tsuntsaye mawaƙa, ko da yake a nan ba su cika waƙa ba. Waƙar ta neman aure ce, can gida ake yin ta.

Kowa ya san tsattsewa. Makiyaya sun san ƴar tsuntsuwar nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu tana kaɗa wutsiya. Akwai kuma mai farin gindi da ke tsayawa ƙyam a kan kunya bayan girbi, da mai farin maƙogwaro da ke laɓewa cikin ƙaya. Wani ƙiyasi na 2009 ya nuna sama da biliyan 2 na irin waɗannan ne ke barin Turai zuwa Afirka kowace kaka.

Ta yaya aka tabbatar daga Turai suke zuwa?

A 1822 an harbo wani babban tsuntsu dangin shamuwa a kusa da ƙauyen Klütz na Jamus, sai ga mashi irin na Afirka soke a wuyansa. Da shi ya tsallaka hamada da teku. Har yau gawarsa na ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, al'adar da ta bazu ko'ina.

Yanzu akwai ƴar na'ura da ba ta kai giram 1 ba, ana goya wa tsuntsu ita, tana rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kullum. Idan aka sake kama shi baɗi, daga waɗannan lokutan ake gano inda ya bi. Da ita aka gano a 2012 cewa masu farin gindi na Alaska na yin kusan kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka, na arewa maso gabashin Kanada kuma su ƙetare tekun Atlantika su sauka a yammacin Afirka.

Iyayensu ne ke nuna musu hanya?

Ga yawancinsu, a'a, kuma nan ne abin ya fi ɗaure kai. Ɗan tsuntsu mai wata biyu ko uku a duniya shi kaɗai yake tashi, cikin dare, ba madugu ba ayari. Sau da yawa ma iyayen sun riga shi tafiya.

Tafiyar a jini take. Tsuntsun da aka rena a keji, da lokacin ƙaura ya yi sai barci ya gagare shi, ya kwana yana tsalle yana kaɗa fukafukai, yana fuskantar ɓangare ɗaya. Eberhard Gwinner da Wolfgang Wiltschko sun nuna a 1978 cewa tsuntsun lambu, Sylvia borin, da ke tsare a Jamus yakan fuskanci kudu maso yamma a farkon kaka, daga baya ya karkata kudu zuwa kudu maso gabas, daidai lokacin da ƴan'uwansa na daji ke yin kwana a wajen Sifen su shigo Afirka. Andreas Helbig kuma ya haɗa aure tsakanin wasu ƙananan tsuntsaye masu baƙar hula da ke bin kudu maso yamma da waɗanda ke bin kudu maso gabas. Ƴaƴan da aka samu suka raba tsakiya, suka nufi kudu sak.

To gado ya ce masa ya yi kudu. Da me zai gane ina ne kudu?

Da abu uku: rana, taurari da maganaɗisun ƙasa. Kowanne na da amsarsa a gaba. Ba ɗaya yake zaɓa ya watsar da sauran ba, yana gwada wannan da wancan ne, kamar yadda aka yi bayani a amsar saɓani.

Yawancin abin da aka sani ya fito ne daga wani kwano mai faɗin baki da Stephen Emlen da mahaifinsa suka ƙirƙiro a 1966. A gindin kwanon akwai tawada, a bangonsa takarda, a samansa raga. Tsuntsu ya taka tawada, ya yi tsalle zai fita, ya bar sawu. Da safe sai a duba ɓangaren da ya fi baƙi.

Rana ai tafiya take yi. Yaya za ta zama kamfas, wato abin nuna ɓangare?

Sai an haɗa ta da agogo. Manomi ya san inuwar hantsi yamma take nunawa, ta la'asar kuma gabas, domin ya san lokaci. Tsuntsu ma yana da agogo a jikinsa. Wajen 1950 Gustav Kramer ya sa tsuntsun sitalin, dangin shaya, a keji mai tagogi, ya sa madubai suka karkatar da hasken rana. Tsuntsun ya karkata daidai gwargwado. Daga baya aka riƙa rikita agogon tsuntsaye da fitila, a kunna musu a kashe ba a kan lokaci ba. Wanda aka gusar wa agogo da awa 6 yakan kauce da kusan digiri 90, wato ya ɗauki gabas a matsayin arewa ko kudu.

Tsattsewa da sauran masu tafiyar rana sun fi cin moriyar wannan. Amma a ƙasarmu yana da rauni da tsakar rana. A Zinder, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya a tsakar ka har mutum ya taka inuwarsa. A wannan sa'ar ba ta nuna kowane ɓangare.

Da gaske suna sanin taurari?

Suna sani, amma ba yadda madugun ayarin Bilma ya san su da suna ba. Franz da Eleonore Sauer ne suka fara gwadawa a shekarun 1950, a wani ɗaki mai rufin ƙubba inda ake haska siffar sararin sama. Stephen Emlen ya ƙarasa aikin da wani tsuntsun Amurka wanda namijinsa shuɗi ne kamar an tsamo shi daga marina.

Abin da ya gano a 1970 shi ne ɗan tsuntsu ba a haife shi da sanin tauraron arewa ba. Kafin tafiyarsa ta fari yakan lura da yadda sama ke juyawa cikin dare, ya gane wurin da ba ya motsi, ya haddace taurarin da ke kewaye da shi. Emlen ya rena wasu a ƙarƙashin samar ƙarya da ke juyawa a kan tauraron Betelgus. Da kaka ta yi, suka ba Betelgus baya, suka ɗauke shi arewa. Waɗanda aka hana ganin sama gaba ɗaya suna ƙanana kuwa, ko da aka nuna musu taurari daga baya, ba su amfana da su ba.

Wannan kamfas ba ya bukatar agogo, amma yana raguwa da tafiya kudu. A Suwidin tauraron arewa can sama yake, a Zinder bai fi digiri 14 daga doron ƙasa ba, kusa da kan itatuwa. Wanda ya wuce tsakiyar duniya kuwa ba zai ƙara ganinsa ba.

Mene ne kamfas na maganaɗisu? Irin na duba alƙibla a salula ne?

Tushensu ɗaya, karatunsu daban. Duniya kanta maganaɗisu ce, mai rauni ƙwarai. Wanda ke bayan lasifikar rediyo ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. A shekarun 1960 a Frankfurt, Friedrich Merkel da ɗalibinsa Wolfgang Wiltschko suka kewaye kejin tsuntsu mai jan ƙirji da naɗin waya, suka juya arewar maganaɗisu a ɗakin da ba a ganin sama. Tsuntsayen suka juya tare da ita.

Allurar kamfas ta san arewa da kudu. Tsuntsu bai san wannan ba. A 1972 Wiltschko da matarsa Roswitha suka nuna cewa abin da yake karantawa shi ne jirkicewar layukan maganaɗisu. Layukan ba a kwance suke bin ƙasa ba. A Jamus suna nutsewa cikinta da kusan digiri 65, kamar mashin da aka kafa a karkace. Ɓangaren da suka sunkuya shi ne wajen ƙuryar duniya, wato can ƙarshenta na arewa ko na kudu, ɗaya ɓangaren kuma wajen tsakiyarta. Saboda haka a wurin tsuntsu babu "arewa" ko "kudu", sai "wajen ƙurya" da "wajen tsakiya". Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a ƙasarmu. Dubi amsar layin da ya ratsa kusa da mu.

A ina wannan abu yake a jikinsa?

Hujjoji sun fi nuna ido. Kamfas ɗin ba ya aiki sai da haske, ko da na taurari ne. A ƙarƙashin shuɗi ko kore tsuntsu na gane hanya, a ƙarƙashin ja ya rikice. Klaus Schulten ya kawo shawara tun 1978 cewa haske na iya raba wasu ƙwayoyin lantarki gida biyu, maganaɗisun ƙasa kuma ya yi tasiri a kan yadda za su sake haɗuwa. A 2000 shi da abokan aikinsa suka nuna yatsa ga wani sinadari na ido mai suna kiriftokurom. A 2021 ƙungiyar Henrik Mouritsen ta Oldenburg da ta Peter Hore ta Oxford suka gwada irin wannan sinadari na mai jan ƙirji a ɗakin gwaji, suka ga lalle yana jin maganaɗisu, har ya fi na kaza da na tantabara. Tun kafin nan, a 2009, an nuna cewa idan aka lalata wani ɓangaren ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙon ido, kamfas na maganaɗisu ya mutu, na rana da na taurari kuma su ci gaba da aiki.

An daɗe ana cewa akwai ƙwayoyin ƙarfe a bakin tantabara masu yin wannan aiki, maganar ma ta shiga littattafan makaranta. A 2012 aka duba da kyau, sai ga shi ƙwayoyin garkuwar jiki ne masu tara ƙarfe, ba jijiyoyi ba.

An ce akwai wani layi kusa da mu inda kamfas ɗin ke daina aiki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Yayin da tsuntsu ke gangarowa daga Turai, jirkicewar layukan maganaɗisu na ta raguwa, har ya iso inda suka kwanta shamɓal. A nan ba ɓangaren da ya sunkuya, don haka "ƙurya" da "tsakiya" sun zama ɗaya. Wannan layi bai dace da tsakiyar duniya na taswira ba. A yankinmu ta arewacin Najeriya ya ratsa, ba nisa sosai kudu da iyakar Magarya. Ke nan Damagaram na bakin inda wannan kamfas ya fi rauni a duk tafiyar.

Wani gwaji na 2016 da masu baƙar hula ya nuna suna iya gane hanya idan jirkicewar ta kai digiri 5, amma a sifili sai su warwatse ko'ina. Yankin ruɗanin ke nan siriri ne, tsuntsu na iya ƙetare shi cikin dare ɗaya ko biyu da taimakon taurari da faɗuwar rana.

Sauran aiki na gaba. Wanda ya ƙetare, idan ya ci gaba da bin "wajen tsakiya", baya zai dawo. Dole ya juya karatunsa, ya koma bin "wajen ƙurya". A 1992 su Wiltschko suka ajiye tsuntsayen lambu na ɗan lokaci a maganaɗisun da aka kwantar, kamar sun iso layin. Da aka mayar da su cikin maganaɗisu irin na Jamus, sai suka fuskanci arewa da kaka: a lissafinsu sun riga sun ƙetare, kudu suke yi. A ganina duk cikin gwaje-gwajen nan babu wanda ya kai wannan ban mamaki.

Idan rana, taurari da maganaɗisu suka saɓa, wanne yake bi?

Magariba ce lokacin sulhu. Yawancin matafiya dare kan tashi ne bayan faɗuwar rana, sa'ar da ja-ja-in yamma bai gushe ba, taurari sun fara fitowa. A wannan lokaci akwai wani zane na haske da ya ratsa sama daga arewa zuwa kudu, wanda idonmu ba ya rarrabewa amma na tsuntsu na gani.

A 2004 William Cochran da Mouritsen da Martin Wikelski suka kama wasu tsuntsaye a jihar Illinois ta Amurka da bazara, suka juya musu maganaɗisu zuwa gabas a lokacin magariba kawai, sannan suka sake su da na'ura a baya suna bin su da mota. A daren suka yi yamma maimakon arewa. Kashegari, da suka ga faɗuwar rana ba tare da ruɗi ba, suka gyara. Wato kullum suna saita kamfas ɗinsu da magariba, kamar mai saita agogo da labaran rediyo. Sai dai an maimaita irin wannan da wasu tsuntsayen Turai ba su yi hakan ba. Kowane iri da nasa tsarin, kuma duk wanda ya ba ka doka ɗaya ga dukkansu ya yi gaggawa.

Hazon hunturu ba ya ɓatar da su?

Hazo na rufe taurarin da ke ƙasa-ƙasa, har da na arewa, amma ba ya taɓa maganaɗisu. Ƙarfinsa kuma a Disamba zuwa Fabrairu yake, lokacin da yawancin baƙin sun zauna wuri ɗaya suna kiwo.

Idan iska ta kwashe tsuntsu ta kai shi wani wuri, zai iya komawa kan hanya?

Ya danganta da shekarunsa. Kamfas na nuna ɓangare, ba ya gaya maka inda kake. A shekarun 1950 A. C. Perdeck ya kama sitalin kusan 11,000 a Holan suna kan tafiya, ya kai su Suwizalan ya sake su. Ƴan bana suka ci gaba da bin ɓangaren da suka gada, suka ƙare a kudancin Faransa da Sifen, inda ba nan danginsu ke zuwa ba. Manyan kuwa suka karkata, suka nufi mazauninsu na kullum a arewacin Faransa da Ingila. Ɗan fari kamfas kawai gare shi. Wanda ya taɓa zuwa ya dawo ya samu taswira.

Akwai alamun cewa maganaɗisu na cikin abin da ake zana taswirar da shi, domin ƙarfinsa da jirkicewarsa sun bambanta daga wuri zuwa wuri. A 2001 a Suwidin an sa wasu ƴan tsuntsaye a maganaɗisu irin na arewacin Masar, ba su motsa daga kejinsu ba. Sai suka shiga ci suna tara kitse fiye da sauran, kamar sun san hamada ce a gaba.

Hamadar fa, a tashi ɗaya suke ƙetare ta?

Faɗinta ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, kuma an daɗe ana zaton a tashi ɗaya suke ƙetare ta. Binciken da aka yi da na'urar hango jirage a Muritaniya, wanda aka buga a 2007, ya nuna yawancinsu da dare suke tafiya, da rana su sauka su fake a inuwar dutse ko ɗan kurmi, ba ci ba sha. Wasu kuwa sukan zarce har rana. An samu wani tsuntsu mazaunin ciyayin fadama da ke hawa sama da mita 5,000 da rana, bayan da dare bai fi rabin haka ba.

Guzurin duka kitse ne. Tsuntsun lambu mai giram 18 na iya haura giram 30 kafin ya tunkari hamada. Na komawa gida, a Maris da Afrilu, a yankinmu ake tara shi. Dubi amsar gawo.

Eriyoyin salula na rikita su?

Abin da aka tabbatar ba na salula ba ne. A harabar jami'ar Oldenburg masu jan ƙirji sun kasa gane hanya a bukkokin katako, har sai da aka lulluɓe bukkokin da alminiyam aka haɗa shi da ƙasa. Rahoton 2014 ya ɗora laifin a kan raunanan igiyoyi na zangon rediyon AM da na kayan lantarki, waɗanda suka fi yawa a tsakiyar birni. Igiyoyin salula ba a wannan zango suke ba, sun yi masa nisa. Fitilu masu ƙarfi da dare su ne aka daɗe da sanin suna janyo matafiya dare su yi ta kewaye har su gaji, ko su yi karo da dogayen gine-gine da hasumiyoyi.

Me ya haɗa gawo da wannan zance?

Sanin hanya ba ya kai mai yunwa gida. Gawo na zubar da ganye da damina ya tsiro da rani, ya yi fure daidai zuwan baƙin, furen kuma ya tara ƙwari. Masu bincike daga Holan da suka bi itatuwan Sahel suna ƙirga tsuntsaye sun iske baƙin sun taru ne a ire-ire kaɗan, yawanci masu ƙaya: gawo, aduwa, itacen asawaki da wasu dangin ƙaya. Dogon yaro da turare, duk da inuwarsu, kusan fayau suke. Sassaben zamani da manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka riƙe tun shekarun 1980, suna barin tohon gawo a gona don taki da abincin dabbobi, ya zama rumbu ga waɗannan tsuntsaye ba tare da an yi don su ba.

Akasin haka ma ya taɓa faruwa. Da ruwa ya yi ƙaranci a Sahel a 1968, a bazarar 1969 kimanin kashi uku cikin huɗu na masu farin maƙogwaro ba su koma Ingila ba. Sai daga baya masanan can suka gane cewa farin nan namu ne ya cinye su.

Yaro ya harbo tsuntsu da danƙo, sai ga zobe a ƙafarsa. Me za a yi?

Ba laya ba ce, ba kuma kayan leƙen asiri ba, ko da yake a Masar a 2013 an taɓa tsare wani dangin shamuwa a ofishin ƴan sanda saboda na'urar da ke bayansa. A jikin zoben akwai lamba da sunan cibiya ko birnin da aka sa shi. A rubuta su daidai, harafi da harafi, tare da ranar da aka same shi, sunan ƙauye da gari mafi kusa, da yadda aka same shi. A ɗauki hoton zoben da na tsuntsun da salula. Idan yana da rai kada a cire zoben, a karanta a sake shi. Idan ya mutu a buɗe zoben a miƙe shi a adana.

Ana iya kai bayanin ga ma'aikatan gandun daji, ko a shigar da shi a shafin ring.ac na ƙungiyar EURING, wadda ta haɗa cibiyoyin sa zobe na Turai. Galibi sukan aiko wa mai rahoto da amsa: irin tsuntsun, inda aka sa masa zoben da ranar, da yawan kilomitan da ke tsakanin can da inda ya faɗi.